Amazon S3: shigowa kyauta, fita da tsada

S3 ita ce ma'ajiyar fayiloli ta intanet da Amazon ya buɗe a watan Maris na 2006, kuma har yau da ita ake auna sauran. Wajen aminci ba a ja da ita: a matakin Standard ana ajiye kowane fayil a cibiyoyi aƙalla uku cikin yanki guda, shi ya sa da wuya abu ya ɓace daga ɓangarensu. Tsarin umarninta ma ya zama gama-gari, har Cloudflare da Backblaze, da ke gogayya da ita, suka gina nasu yadda manhajar da aka rubuta wa S3 za ta yi aiki a kansu.

A lissafin kuɗi ne dabarar kamfanin take. A yankin us-east-1 da ke gabashin Amurka, ajiye gigabayit ɗaya a Standard dala 0.023 ne a wata, wato terabayit 10 kusan dala 235. Loda fayil zuwa ciki ba a cajin ko sisi na zirga-zirga. Amma fitar da shi zuwa intanet, bayan gigabayit 100 na kyauta a wata, dala 0.09 ne kowane gigabayit. Sauke terabayit 10 ɗin nan sau ɗaya tak zai ci sama da dala 900, kusan kuɗin ajiyar wata huɗu ke nan. Da zarar bayanai sun taru, sai kamfani ya ga ya fi masa sauƙi ya yi hayar sabar Amazon, wato EC2, kusa da su, tunda tsakanin S3 da EC2 a yanki ɗaya ba a biyan kuɗin fitarwa. A haka ake tsunduma gaba ɗaya. A Maris na 2024, yayin da dokar bayanai ta Tarayyar Turai ke matsa lamba, AWS, sashen Amazon da ke gudanar da S3, ta yafe kuɗin ga mai kwashe kayansa ya koma wani wuri, amma sai an nema ta sashen kula da abokan ciniki, kuma bai shafi fitarwar yau da kullum ba.

Matakan rahusa suna da nasu ƙaya. Standard-IA, ta fayilolin da ba a yawan buɗewa, tana cajin aƙalla kwana 30, kuma fayil ɗin da bai kai kilobayit 128 ba ana lissafa shi a matsayin 128. Mai ƙananan hotuna miliyoyi da ya koma can don ragi, ƙari zai gani. Glacier Deep Archive kuwa ta yi arha matuƙa, kusan dala ɗaya kan terabayit a wata, sai dai ko ka goge fayil gobe za ka biya na kwana 180, kuma dawo da shi kan ɗauki awa 12, ko 48 idan ka zaɓi hanya mafi arha. Ta dace da tsoffin takardun da doka ta ce a ajiye, ba ta dace da abin da za a nema cikin gaggawa ba.

Abu biyu ne ke cin kuɗi a ɓoye. Idan aka kunna Versioning, wato tsarin adana tsoffin kwafin fayil, fayil ɗin da aka goge yana nan ana biyan hayarsa, alama kawai aka ɗora masa. Haka ma babban fayil da lodinsa ya katse a tsakiya: gutsattsarinsa ba sa fitowa a jerin fayiloli, amma suna cikin lissafi. Maganin duka biyun shi ne a saka dokar Lifecycle, mai share fayiloli da kanta bisa wa'adi, tun ranar farko, ta share lodin da bai kammala ba bayan kwana bakwai, tsoffin kwafi kuma bayan wa'adin da aka zaɓa.

Ga wanda aikinsa duka yana cikin AWS, ko yake ajiya da yawa yana saukewa kaɗan, S3 ta cancanci kuɗinta. Mai raba bidiyo ko manhaja ga dubban mutane kuwa, ya fara gwada ma'ajiyar R2 ta Cloudflare: dala 0.015 kan gigabayit a wata, ba kuma kuɗin fitarwa.