8BitDo Ultimate 2C: hannun gem mai sanda mai ƙarko

Masu gidajen gem a unguwar Nima ta Accra sun san matsalar: hannu ya ɗan tsufa, sai ɗan wasan cikin gem ya riƙa tafiya ba a taɓa sanda ba. Sandar hannun PS4 da PS5 tana gogar wani siririn layin kabon ne a ciki. In ya cinye, ga ƙurar hunturu, saiti ya kauce.

Sandar wannan hannun na 8BitDo da maganaɗisu take aiki, wato Hall effect, babu guga. Ko motsi kaɗan tana ji. Aibinsa, ba ya hawa PlayStation, na kwamfuta da Android ne.

In a kasuwar Circle ta Accra za ka saya, a jona maka a kwamfuta tukuna. Juya sandar ka saki, ka ga ta koma tsakiya cak.