Manhajar gyaran mota mai jin murya: a ƙara mata Hausa ko a jona ta da motar?

Malam, tambayarka ita ce idan masu ƙera manhajar da bakanike zai yi wa magana ta taya shi gano matsalar mota za su inganta abu ɗaya tak nan gaba, wanne ya fi: ta iya jin Hausa sosai, ko a jona ta da kwamfutar motar ta riƙa karantawa da kanta? Ni na biyun na zaɓa, amma bari mu jera su ka gani.

Ta fannin jin Hausa an ɗan motsa. Cikin manhajojin da ake yi wa magana, Siri ta fito a 2011, Alexa a 2014, kuma ba da mu aka gina su ba. A 2022 kamfanin OpenAI ya fitar da Whisper, manhajar da ke mayar da magana rubutu, wadda aka horar da sauti na sa'o'i 680,000. Akwai Hausa a ciki, sai dai kasonta kaɗan ne, shi ya sa take yawan kuskure da ita. A 2023 Meta ta fitar da nata mai jin harsuna sama da 1,100, sannan a 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da ake bincike da murya. Matsalar ita ce yawancin sautin Hausar da ake horar da su da shi karatu ne a natse, a ɗaki shiru. Gareji kuwa ga janareta, ga guduma, ga mai walda a gefe, ga bakanike yana cuɗa Hausa da kalmomin sana'a irin su fulogi da kwail da giya. Kuma ko da manhajar ta ji komai daidai, me ta samu? Bayanin mutum ne kawai: "tana karkarwa da safe, ba ta ja a hawa." Wannan zai iya zama fulogi, zai iya zama famfon mai, zai iya zama iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba. Sai ta koma zato, zato kuwa a harkar nan kuɗin mai mota ne ke tafiya a Ƙofar Ruwa ko Panteka.

Jonawa da mota kuwa hanyarta a shimfiɗe take tuntuni. Tun 1996 Amurka ta wajabta OBD-II, wato tsarin da kwamfutar mota ke bayyana matsalarta, a ƙananan motoci, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu dizal. Soket ne mai ƙafa 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, kuma yawancin Corolla da Camry 'yan Kwatano da ke kan titunanmu suna da shi. Da ƙaramar na'ura irin ELM327 waya za ta karanta lambobin matsala da motar ta ajiye ta Bluetooth. A nan lamba guda na sauya komai: P0300 na nufin wuta na tsallake a silinda ba takamaimai ba, P0303 kuwa silinda ta uku ce kai tsaye. Idan mutum ne zai karanto wa manhaja wannan da baki cikin hayaniya, kuskuren lamba ɗaya ya isa ya sa a kwance inda lafiya lau yake. Idan ita ta karanta daga motar, wannan ƙofar ta rufe.

Kuma a nan ne murya ke da amfani na gaske. Hannunka na cikin inji, duk baƙin mai, ba ka iya taɓa waya. Sai ka ce ta faɗa maka zafin ruwa, ko juyin inji, tana faɗa kana taɓa wayoyin injin kana sauraron ko lambar ta motsa. Umarni irin wannan ba su da yawa, don haka koya wa na'ura su da Hausa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan koya mata hira.

Sai dai kada a ɗauka lambar ita ce amsa. P0171 na cewa iska ta yi wa mai yawa a inji, ba ta ce ga abin da za a canza ba. Abin yana damuna yadda ake ganin lamba a ruga sayen sabuwar sensa, alhali roba ce ta tsage. Ingantacciyar manhaja ita ce wadda za ta bi da kai daki-daki, daga abu mai araha zuwa mai tsada, ta kuma riƙe abin da ka riga ka duba kada ta maimaita maka.

Inda jin Hausa ya yi galaba shi ne inda babu soket ko babu lamba. Tsohuwar Fijo 504, yawancin baburanmu da janareta ba abin da za a jona. Ƙarar ƙafar mota ko kukan birki ma sau da yawa kwamfuta ba ta san da su ba. Ga kuma yaran gareji da Turanci ke yi wa nauyi: ko an jona, in bayanin bai fito da Hausa ba, sai sun jira oga. Don haka Hausar da na fi so a fara koya mata ita ce ta baki, wato ta yi maka bayani, kafin ta kunne.

Abu biyu zan ƙara, kowanne aka zaɓa. Ta yi aiki a kan wayar ko babu intanet, domin gareji da yawa sabis ba ya zama. Sannan duk umarnin da ba ya gyaruwa ta maimaita shi ta jira ka ce "eh" tukuna. Goge lambobin matsala shi ne babban misali: da an goge, bayanin da motar ta ajiye na yanayin injin a lokacin da matsalar ta faru ya tafi, sai an jira ta sake aukuwa kafin a samu wani.