Scribus da liyen na dannawa: abin da na gani bayan aikin katalog guda

Ni dai ƴar sakatariya gare ni nan Tahoua, buga takardu, fotokopi, katin biki, wani lokaci memuwar na ɗaliban jami'a. Watan jiya wata Hajiya mai saida kayan fata, takalma da jikkuna da alabai, ta zo ta ce tana son katalog na PDF wanda za ta riƙa turawa ta WhatsApp ga mutanenta na Yamai da Agadez, kuma sharaɗinta guda ne, in mutum ya ga takalmin da ya yi mishi ya danna ƙarƙashin hoton kawai ya faɗo cikin WhatsApp ɗinta. Na ce to Hajiya an gama, alhali wallahi ban taɓa sa liyen, wato wurin dannawa da ke kai mutum wani adireshi, cikin Scribus ba, lojisiyel ɗin tsara shafukan takarda.

Mi ya sa Scribus? Kyauta ne, shi ke nan. InDesign mai irin aikinshi kowane wata sai ka biya abonma kuma sai da katin banki, Publisher kuwa da munka saba da shi Microsoft ta ce daga Oktoba 2026 ta bar kula da shi, to gara mutum ya fara neman wani gida tun da sauran rana. Na sa Scribus 1.6 wanda ya fito farkon 2024, ya hau tsohuwar ordinatar tawa ba gardama, kuma menu ɗin akwai Faransanci.

Wajen liyen ɗin ne na sha mamaki. Cikin Word ka zaɓi kalma, Ctrl+K, ka manna adireshi, an wuce wurin. Nan ba haka ba ne sam. Sai ka je kayan aikin PDF ka ɗauki na liyen, ka zana ɗan akwati bisa rubutun ko hoton, ka danna shi sau biyu, sannan ka zaɓi iri: ko ya kai mutum wani shafi na cikin takardar, ko ya buɗe wani fayil, ko ya fita intanet. Ma'ana liyen ɗin ba ya cikin rubutun, yana bisanshi ne kamar leda da anka shimfiɗa kan tabarma. Ka ja tabarmar, leda tana nan inda ka bar ta.

Haka ko ta faru da ni, kuma laifina ne don na yi gaggawa. Na gama jera akwati 34 bisa shafi 12, sai Hajiya ta kira ta ce ɗana a ƙara jikka biyu a shafi na 3 kuma a gyara kuɗin takalman maza. Na ƙara, rubutu ya sauka ƙasa, ban koma na duba akwatunan ba, na fitar na tura mata. Da la'asar sai ga ta da kanta da waya a hannu, ta ce duba nan, tana danna "A tuntuɓe mu" ba abin da ke motsi, amma in ta danna farin wuri can sama inda babu komi sai WhatsApp ya buɗe. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Daren nan ni da surin ordinatar har wajen ƙarfe goma sha ɗaya ina ja ɗaya bayan ɗaya, wuta ta ɗauke sau guda a tsakani, Allah ya sa na riga na yi anrajistire.

Abu biyu na koya da wuya. Adireshin WhatsApp ana rubuta wa.me/ sai 227 sai lambobi 8 ɗin a manne, babu alamar +, babu sifili biyu a gaba, babu fili tsakani, kuma ka sa https:// a farko. Na biyu wajen fitarwa, kar ka bi ta imprime ka zaɓi firintar PDF ta Windows, liyen duk mutuwa suke yi, sai ka bi ta maɓallin PDF na Scribus kanshi ka zaɓi PDF 1.4 ko 1.5. PDF/X na masu injin buga takarda ne, ba na wanga aiki ba.

Inda ya burge ni kuwa, tunda akwati ne kai ke yanke girmanshi. Na faɗaɗa su har sunka rufe hoton gaba ɗaya, don yatsa bisa waya ba kibiyar suri ba ce, ballantana yatsan dattijo da ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Shafin farko kuma na yi mishi jerin kaya, ka danna "takalman mata" ya kai ka shafi na 7 kai tsaye. Sai dai Scribus ba ya canza launin rubutun da kanshi, ni na maida su shuɗi na ja musu layi don mutane su gane wurin dannawa ne.

Don katalog, afish ko ɗan bulleta mai shafi goma zuwa ashirin zan ba shi 7 bisa 10, in dai liyen ne aikin ƙarshe bayan mai kaya ya rantse ba sauran gyara. Memuwar mai shafi ɗari da adireshi ko'ina kam ba zan ko gwada ba, LibreOffice mai kama da Word zan buɗe, can liyen yana bin kalmarshi duk inda ta je. Hajiya dai ta biya kuɗin aikin, jikka goma sha biyar, ta kuma ce kafin salla za ta kawo sabbin hotuna a ƙara, na ce mata ta tattaro su duka rana guda.