Makonni uku na aikin sa-kai a Malawi: yadda na ga shirin wata ƙungiyar sola

Haɗa wutar sola ita ce sana'ata a Kano, kuma da ita na nemi gurbi a shirin aikin sa-kai na wata ƙungiya mai zaman kanta da ke kafa wa ƙananan asibitocin karkara wuta a Malawi. Na bi ta Addis Ababa zuwa Lilongwe, daga can motar ƙungiyar ta ɗauke mu zuwa gundumar Mangochi da ke kudancin Tafkin Malawi. Kuɗin jirgi daga aljihuna ya fita, haka ma kuɗin shiga shirin, wanda aka ce ya ƙunshi masauki da abinci da gudummawar sayen kaya.

Buƙatar aikin ba abin musu ba ce. Akasarin wutar ƙasar daga tashoshin Nkula da Tedzani da Kapichira take fitowa, dukansu a kan Kogin Shire, shi ya sa da guguwar Ana ta lalata Kapichira a watan Janairun 2022 aka rasa kusan megawat 130 lokaci guda. Ƙauyukan da muka shiga kuwa ko turakun wuta ba su isa gare su ba. Wata ungozoma ta gwada mini yadda take cije wayarta da haƙora domin ta haska yayin karɓar haihuwa, tun da hannayenta biyu suna kan aiki.

Abin da na fi yaba wa ƙungiyar shi ne ma'aikatan ƙasar ke jagorantar komai, mu baƙi muna bin umarninsu. A ranar farko na fara daidaita farantan sola suna fuskantar kudu kamar yadda na saba a gida, sai shugaban ma'aikatan ya yi murmushi ya ce, "Malam, juya su arewa," domin Malawi tana kudu da layin da ya raba duniya biyu. Kunya ta kama ni, amma na ƙaru. Kayan aikinsu ma masu inganci ne, kuma ba a tashi daga asibiti sai an tabbatar firjin rigakafi ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8.

Masauki ba yabo ba fallasa. Abincin yau da kullum nsima ne, wanda bai da maraba da tuwon masara, wani lokaci da kifin chambo, kuma kasancewar Musulmin ƙabilar Yao suna da yawa a yankin, samun masallaci da naman yanka bai yi mini wuya ba.

Inda na ga gazawa shi ne wajen zaɓen mahalarta da kuma abin da ke biyo bayan bikin kunna wuta. Wasu daga cikin abokan tafiyata ba su taɓa riƙe mitar gwajin wuta ba, sai ya zama ma'aikatan ƙasar suna raba hankalinsu tsakanin aiki da kula da su kada wuta ta ja wani. A bayan wani asibiti na tarar da tsofaffin batura jibge a ɗakin ajiya, duk sun kumbura, ragowar wata gudummawa ta shekarun baya da aka kafa aka tafi ba waiwaye. Faranti yakan haura shekara 20 yana aiki, amma batirin dalma da wuya ya wuce 'yan shekaru a wuri mai zafi, kuma tun da aka karya darajar kwacha, kuɗin ƙasar, da kashi 44 cikin ɗari a Nuwamban 2023, sayen sabo ya ƙara fin ƙarfin kwamitin ƙauye. Da na tambayi nawa ake warewa daga kuɗinmu domin canjin batir, sai aka yi ta kwana-kwana, har na baro ƙasar ban ga lissafi a rubuce ba.

Mai sana'ar lantarki da zai iya koyar da matasa biyu ko uku gwajin batir da wanke faranti, ina ba shi shawarar ya je, da katinsa na rigakafin ciwon shawara a hannu. Wanda kuwa sha'awa kawai ke gare shi, gara ya aika da kuɗin jirginsa a saya wa asibitin waccan ungozoma batirin ajiya.