Jirgin yaƙi a cikin kwali: bitar samfurin Buchanan/Campbeltown na Revell, ma'aunin 1:240

Hoton da ke bayan kwali da abin da ke cikinsa ba su cika zama abu ɗaya ba, kuma wannan samfurin, ƙaramin kwaikwayon jirgin ruwan yaƙi na roba da ake haɗawa da hannu, shaida ne. Kamfanin Revell ya sha fitar da shi da sunaye daban-daban: USS Buchanan, USS Ward, USS Aaron Ward, HMS Campbeltown. Campbeltown, sunan da Ingila ta raɗa wa Buchanan bayan ta karɓe shi daga Amurka, shi ne ke jan mai saye, saboda shi ne jirgin da Ingila ta cika da nakiya ta kai wa ƙofar tashar gyaran jiragen ruwa ta Sen Nazer a Faransa karo ranar 28 ga Maris 1942. To amma robar da ke cikin kwalin jirgi ne mai bututun hayaƙi huɗu a tsaye, wato kamanninsa kafin a yi masa tiyatar sauya kama don harin. Duk wanda ya saya don ya gina jirgin harin 1942 zai sha aikin yanka da ciko. Wanda ya gina shi a matsayin jirgin Amurka na tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, shi ne zai ci moriyar kuɗinsa, kuma a kan haka wannan bitar ta tsaya.

Samfurin na haɗawa ne da hannu: gutsattsarin roba a maƙale jikin firam, a yanke, a manne, a yi fenti. Jirgin gaske tsawonsa ya kusa mita 96, faɗinsa mita tara da rabi. A ma'aunin 1:240 ya koma kusan santimita 40 a tsawo, 4 a faɗi, siriri kamar kwale-kwalen masunta na Yawuri in an hango shi daga nesa. Kowace mita ta gaske ta zama milimita 4 da 'yan kai, mutum tsayayye kuma bai wuce milimita 7 ba. A riƙe wannan lissafin, domin shi ne alƙalin duk abin da ya yi kauri a jikin samfurin.

Sai an san rayuwar jirgin kafin a san fentin da za a shafa masa. Buchanan ɗaya ne daga jirage 111 na ajin Wickes, irin ƙananan jiragen yaƙi masu gudu da ake kira distiroya, waɗanda aikinsu rakiyar manyan jirage, farautar jiragen ƙarƙashin teku da harba tofido, wato makamin da ke tafiya a cikin ruwa ya fasa jirgi. An gina shi a masana'antar Bath Iron Works da ke jihar Men, aka tura shi ruwa ranar 2 ga Janairu 1919, ya fara aiki ranar 20 ga watan. Yaƙin da aka gina shi dominsa ya riga ya ƙare tun Nuwamban 1918. Yana da tukwanen tururi huɗu, kowace da bututunta, farfela biyu, gudun da aka tsara masa kusan kilomita 65 a awa. Makamansa: bindigogi huɗu masu bakin inci 4, bindigar kakkaɓo jirgin sama guda mai inci 3, da bututun tofido 12 masu inci 21, an jera su uku-uku a wuri huɗu, biyu dama biyu hagu.

A Yulin 1919 aka tura shi rundunar tekun Pasifik. Shekara uku kacal ya yi, ranar 7 ga Yuni 1922 aka kashe masa wuta aka ɗaure shi a San Diyego. Amurka ta gina irin waɗannan jirage fiye da yadda take da matuƙa da kuɗin mai, sai aka jera su gefe da gefe, an shafe injuna da man giris, an rufe bakin bututu. Kusan shekara takwas Buchanan ya yi a haka. Abin da ya dawo da shi lalacewar 'yan uwansa ce: tukwanen tururi samfurin Yarrow da aka sa wa da yawa daga cikinsu sun ci ƙarfe sun gaji kafin 1930, aka sauke su daga aiki, aka ɗebo waɗanda ke ajiye aka maye gurbi. Ranar 10 ga Afrilu 1930 Buchanan ya koma ruwa. Daga nan sai atisaye a gaɓar yammacin Amurka, da manyan gwaje-gwajen yaƙi da rundunar ke yi duk shekara, da tafiya Alaska a 1934 ɗauke da ɗaliban da ake horarwa su zama hafsoshi. Matsin tattalin arzikin lokacin ya sa har karɓa-karɓa aka riƙa yi, jirgi ya ɗan huta da 'yan tsirarun ma'aikata, wani ya fita. An sake ɗaure shi ranar 9 ga Afrilu 1937, aka sake tada shi ranar 30 ga Satumba 1939 bayan yaƙi ya ɓarke a Turai, ya yi sintiri a yankin Karebiyan da mashigin Meziko. Ranar 9 ga Satumba 1940 aka miƙa shi ga Ingila a Halifas ta Kanada, cikin tsoffin jirage 50 da Amurka ta bayar don a ba ta sansanoni. Idan aka haɗa lissafi, fiye da shekara goma daga cikin ashirin da ɗayan da ya yi a hannun Amurka a ɗaure ya yi su.

Wannan tarihin ne ke saukaƙa wa mai haɗawa aiki. Jirgin zaman lafiya ne, kuma sojan ruwa a zaman lafiya ba shi da sana'ar da ta wuce kankare tsatsa da shafa fenti. Babu buƙatar zanen ɓad-da-kama, babu buƙatar ƙazanta shi. Jiki ruwan toka mai haske, doron jirgi toka mai duhu, ƙasan da ke nutse ja mai ratsin ƙasa-ƙasa, baƙin layi a daidai bakin ruwa, bakin kowane bututu baƙi, lamba 131 fara da inuwa baƙa a goshi, dama da hagu. Launi biyar sun wadatar, kwalba ɗaya-ɗaya ta mililita 14 zuwa 18, sai ruwan toka mai haske da ya kamata a sayi biyu. Idan kwalin Campbeltown ne ya zo hannunka, duba sitikar ciki tun da wuri. Lambar Ingila I42 ce, don haka 131 sai an nemo ko an zana.

Abin yabo na farko shi ne girman. A ƙananan ma'aunai irin 1:700 jirgin nan bai kai santimita 14 ba, bindigarsa kamar ƙwayar shinkafa, in ta faɗi a tabarma ta tafi kenan. A 1:240 yatsu na iya riƙe kusan komai, malamin makaranta kuma zai iya ɗaga shi a gaban aji ɗan bayan aji ya ga bututu huɗun. Siffar jikin ma ta kama: doro guda miƙaƙƙe daga goshi yana gangarowa zuwa baya ba tare da tsani ba, wanda shi ne tambarin wannan ajin.

Aibin kuwa na tsufa ne. Mazubin da ake zubo robar a cikinsa ya haura shekara hamsin, don haka a sa ran ganin ɓawon roba a gefen gutsattsari da layin haɗi a tsakiyar bututu. Babban kuskurensa yana doro: an zana masa layukan katako, alhali doron waɗannan jirage ƙarfe ne. Gyaran ba wuya, sai dai cin rai. A jiƙa sanfefa mai lamba 400 a goge layukan, a bi da 600, a ƙarasa da 800, ana naɗe sanfefar a jikin tsinken ice mai faɗi don a shiga tsakanin ƙananan kayan da aka zubo tare da doron. A yi wannan kafin a manna komai a sama. Wanda ya bari sai ya dasa bututu da ɗakin tuƙi, ba zai ƙara samun hanyar shiga ba. Turakun shingen gefe su ma sun yi kauri. Da za a mayar da su girman gaske, da sun zama kamar turakun rumfar kasuwa. Mai farawa ya bar su, ya ɗaura siririn zare. Mai son ƙwarewa ya aske su ya sayi shingen tagulla da kamfanoni irin su Gold Medal Models suka yi don wannan samfurin, sai dai ya san cewa lanƙwasa tagulla mai kaurin takarda wani karatu ne daban.

Yanzu ga abin da takardar cikin kwali ba ta yi tanadinsa ba, wato yanayinmu. A Birnin Kebbi zafin Maris da Afrilu na haura digiri 40 a inuwa, cikin but ɗin mota ko ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka nesa. Kwalin da aka ɗoro daga Legas aka danne da buhu yakan iso da ɓarin jiki a karkace. Kafin a buɗe gam, a haɗa ɓari biyun a bushe a ɗaga su saitin haske. In akwai tazara, a tsoma wurin da ya karkace a ruwan zafin da bai tafasa ba, kamar digiri 70, na daƙiƙa 20 zuwa 30, a miƙar da hannu a hankali, a tsoma a ruwan sanyi yana riƙe. Tafasasshen ruwa zai lanƙwasa siraran gefuna. Bayan haka a wanke duka firam ɗin da ruwan sabulu, saboda maiƙon mazubi na hana fenti kamawa.

Gam shi ne inda aka fi yin ɓarna. Gam ɗin wannan roba na musamman ne, narkar da fuska biyun yake yi ya haɗe su, don haka ɗigo kaɗan a bakin tsinken sakace ya isa. A zafinmu ruwansa na tashi da sauri. A haɗa gutsattsarin tukuna sannan a taɓa buroshi a bakin haɗin ya bi da kansa, a fara daga goshi ana tafiya santimita biyar-biyar, ana ɗaurewa da robar ɗaure kuɗi. A bar shi ya kwana. Gam ɗin masu gyaran takalmi ba ya aiki a nan, yana jan zare kuma yana cin roba. Sufa gulu na kasuwa yana riƙewa, amma ba ya ba da damar gyara in bututu ya karkace, kuma tururinsa na barin farin tabo. A ajiye shi don tagulla da zare. Su bututun huɗun, jingine suke kaɗan zuwa baya, kuma dole kusurwarsu ta zama ɗaya. A dasa na farko da na huɗu, a ɗora rula a gefensu, sannan a sa na tsakiya. Ido na iya yafe komai a jikin wannan jirgi ban da bututu ɗaya da ya bauɗe.

Kada a kai shi wurin mai fentin mota. Tinar da suke amfani da ita na da ƙarfi, tana sa fuskar roba ta yamutse kamar fatar tsohuwar ganga, kuma ba ta gyaruwa. Fentin ruwa, wato akirilik, shi ya fi sauƙi, amma a hunturu yana bushewa a bakin buroshi tun kafin ya sauka. A sirka shi, kashi biyu fenti kashi ɗaya ruwa, a shafa siriri sau uku maimakon mai kauri sau ɗaya, da tazarar minti 30 a tsakani. Lokacin aiki shi ne bayan sallar asuba zuwa hantsi, kafin iska ta taso. A yayyafa ruwa a daɓen ɗaki, a kashe fanka, da an gama shafawa a kife samfurin da babban bokitin roba ko kwali mai tsabta. Ƙurar hunturu da ba a gani a hannu, a jikin jirgin 1:240 tsakuwa ce. Da damina matsalar ta juya: laima na sa fenti ya daɗe yana danƙo, sai a ba shi yini guda kafin a manna salatif na takarda don fitar da baƙin layin bakin ruwa. Faɗin layin kada ya wuce milimita 3. A danne gefen salatif da farce, a cire shi tun fentin bai gama ƙanƙamewa ba.

Wayoyin da ke tashi daga sandar gaba zuwa ta baya su ne ke ba jirgin rai. Zaren ɗinki ya yi kauri kuma yana da gashi mai kama ƙura. Mafi sirantar zaren fatsa da za a samu wurin masu sayar da kayan su a Argungu ko Yawuri ya fi shi, a bi shi da baƙar maka kafin a ɗaura. Akwai kuma dabarar da ba ta cin ko kwabo: a yanki guntun firam ɗin da ya rage, a juya shi a saman kyandir har ya yi laushi, a janye daga wuta a ja shi da hannu biyu, sai ya zama zare siriri kamar gashi. Kada a ja waya da ƙarfi, sandunan roba ne, rana ɗaya ta bazara za su sunkuya.

Samun kayan shi ne cikas na gaske. Ba abin da za a shiga babbar kasuwar Birnin Kebbi ko ta Gusau a ɗauko ba ne. Sai oda ta intanet, galibi daga hannun masu sayar da tsoffin kwalaye, farashi kuma na bin canjin kuɗi. A nemi mai sayarwa ya turo hoton firam ɗin a cikin ledarsu, a ƙirga bututun hayaƙi huɗu, bindigogi huɗu, jerin tofido huɗu da farfela biyu. A yi odar gam da fenti tun da wuri, domin ba kowane mai jigila ke yarda ya ɗauki gam ta jirgin sama ba. Tsohuwar sitika kan farfashe da ta taɓa ruwa, saboda haka a gwada da wadda ba a buƙata. In ta tarwatse, a shafa wa sauran siririn banish a bar shi ya bushe kafin a jiƙa.

Yaro ɗan ƙasa da shekara 12 kada a bar shi da reza da gam shi kaɗai. Ga ɗan sakandare, malamin tarihi ko na koyon sana'a, da duk mai haƙurin da zai ba shi awa ɗaya kullum na mako biyu zuwa uku, samfurin ya cancanci saye, muddin Buchanan na 1930 zai gina. Mai son Campbeltown na daren harin sai ya cire bututu biyun baya, ya yanke bakin biyun gaba a karkace yadda aka yi don ya yi kama da jirgin Jamus, ya kwashe tofido duka da bindigogin inci 4, ya ƙera sulken ƙarfen doro da kansa. Gara ya nemi samfurin da aka yi musamman don 1942, kamar na Flyhawk a ma'aunin 1:700, ya tanadi hantsaki da gilashin ƙara girma.