Wace manhaja za ka zaɓa don yin MANCOVA? Shawara ga masu bincike a Ngaundere, Garwa da Marwa

Idan lokacin rubuta kundin digiri ya ƙarato, tambayar da ke yawo tsakanin ɗalibanmu na fannin noma, kiwo da kiwon lafiya ba ta wuce guda ɗaya: malami ya ce a yi MANCOVA, to da wace manhaja? Mafi yawan amsoshin da ake bayarwa daga bakin wanda ya iya manhaja ɗaya tak suke fitowa, shi ya sa kowa ke yabon tasa. Mu kuma a nan arewacin Kamaru da Chadi akwai abubuwan da dole mu saka a ma'auni waɗanda ɗalibin Turai ba ya ko tunawa da su: kuɗin lasisi da ake biya da dala ko yuro, data mai tsada, wutar da ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki, da kwamfutar hannu wadda aka sayo ta riga ta sha jiki.

Kafin a shiga ciniki, gara a san abin da ake son manhajar ta yi. Mu ɗauka ɗaliba ce a makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ngaundere tana gwada abinci iri uku a kan bijiman Gudali: ciyawa zalla, ciyawa da dusa, da kuma ciyawa da abincin da ake samu daga 'ya'yan auduga bayan an matse mai. A ƙarshen gwaji ta auna abu biyu a jikin kowane sa, ƙarin nauyi da faɗin ƙirji. Ma'aunan nan biyu tare suke tafiya, san da ya yi ƙiba ƙirjinsa ma ya buɗe, don haka gwada su ɗaya bayan ɗaya yana ƙara yiwuwar a ga bambancin da babu shi. Ga kuma wata matsala: bijiman ba da nauyi ɗaya suka shiga gwajin ba. Nauyin farkon nan shi ne ma'aunin rakiya. Aikin MANCOVA shi ne ta cire tasirinsa tukuna, sannan ta duba ko abincin ya bambanta ma'aunan sakamako idan an haɗa su wuri guda. Duk manhajar da ba ta ba ka wurin saka ma'aunin rakiya ba, ko ba ta bari ka gwada sharuɗɗan lissafin ba, kada ka kashe mata ko sisi.

SPSS ce aka fi sani, kuma akwai dalili. Tun 1968 take, kamfanin IBM ya saye ta a 2009, kuma galibin malaman da za su zauna a kwamitin kare kundinka sun saba da teburorinta. A sigar Faransanci za ka bi Analyse, sai Modèle linéaire général, sai Multivarié. Akwatuna za su buɗe, ka jefa ma'aunan sakamako a nasu, nau'in abinci a nasa, nauyin farko a nasa, ka danna. Nan take za ta fito maka da gwaje-gwaje huɗun da aka saba: na Pillai, na Wilks, na Hotelling da na Roy. Sauƙinta gaskiya ne. Amma ga abin da masu sayarwa ba sa saurin faɗa: wannan taga ba ta cikin ƙunshin farko mai rahusa, tana cikin ƙarin da ake kira Advanced Statistics. Mutum zai iya biyan kuɗi da katin banki, ya buɗe manhaja, ya nemi tagar ya rasa. Tunda darajar sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan kowane yuro ɗaya, lissafin ba shi da wuya, kuma idan ka yi shi za ka ga lasisin shekara ba abin da ɗalibi zai ɗauka daga kuɗin abincinsa ba ne. Idan ɗakin bincikenku ko wani aikin haɗin gwiwa ya riga ya biya, yi amfani da ita hankali kwance, ka kuma riƙa danna maɓallin da ke kwafe umarnin zuwa fayil, don ka iya maimaita aikin bayan wata shida idan malami ya ce a cire sa biyu da suka yi rashin lafiya.

Na san abin da ake yi a zahiri. Ana yawo da SPSS ta sata a filas daga ɗaki zuwa ɗaki a Dang, inda harabar Jami'ar Ngaundere take. Ba na ba kowa shawarar hakan. Ban da kasancewarsa haƙƙin wani, irin waɗannan fayiloli su ne babbar ƙofar ƙwayoyin cutar kwamfuta, kuma kwamfutar da ke ɗauke da aikinka na shekara biyu ba wurin yin caca ba ce. Musamman yanzu da akwai abin da ya fi ta ƙarfi kuma kyauta.

R nake nufi. Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka faro ta a Jami'ar Okland ta ƙasar Niyu Zilan a farkon shekarun 1990, sigar farko cikakkiya ta fito a 2000. Fayil ɗin girka ta a Windows bai kai megabait 100 ba, kuma da zarar ta zauna ba ta sake neman intanet, ba ta da ranar ƙarewar lasisi. Tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Aikin ɗalibarmu layi ɗaya ne:

summary(manova(cbind(karin_nauyi, kirji) ~ nauyin_farko + abinci))

A nan ne zan ɗan daɗe, domin a wannan layin ake yawan faɗuwa. Umarnin manova na R yana raba bambanci ne bi da bi, wato abin da ake kira jimlar murabba'ai nau'i na 1. Wanda aka fara rubutawa shi ke fara ɗiba, na baya ya samu abin da ya rage, kamar dai layin ɗiban ruwa a rijiya. Idan ka rubuta nauyin_farko kafin abinci, gwajin abinci ya zama bayan an cire tasirin nauyin farko, kuma abin da kake nema ke nan. Idan ka juya, ka sa abinci a gaba, R ba za ta yi maka gargaɗi ba. Za ta ba ka tebur mai kyan gani, da ƙimar p (adadin da ake dubawa don yanke ko bambancin ya wuce na katari), amma ba a daidaita komai ba, ba MANCOVA ka yi ba. SPSS kuwa nau'i na 3 take amfani da shi tun asali, inda jeri ba shi da tasiri. Wannan ne ya sa abokai biyu za su saka alƙaluma iri ɗaya, ɗaya a SPSS ɗaya a R, su fito da amsa daban, kowa ya ce manhajar ɗan'uwansa ce ta yi kuskure. Maganin shi ne ƙunshin car na John Fox, wato ƙarin umarnai da ake saukewa a ɗora wa R, wanda umarninsa Manova, mai babban baƙi a farko, ke ba da nau'i na 2 ko na 3. Idan abin da ake kwatantawa ɗaya ne, kamar abinci, da ma'aunin rakiya ɗaya, duk hanyoyin za su haɗu a amsa guda muddin abin kwatantawar ne a ƙarshe. Idan kuma abubuwan kwatantawa biyu ne masu cuɗanya, misali abinci da jinsin dabba, kuma yawan dabbobi bai zo ɗaya a kowane haɗin abinci da jinsi ba, to kafin ka nemi nau'i na 3 sai ka sauya tsarin kwatance zuwa contr.sum, in ba haka ba alƙaluman ba za su yi daidai da na SPSS ba.

Abin da ya sa nake fifita R duk da wannan tarko shi ne yadda take sauƙaƙa gwajin sharuɗɗa. Mafi muhimmanci cikinsu: dangantakar nauyin farko da sakamako ta kasance iri ɗaya a duk rukunoni. Idan abincin auduga ya fi amfanar ƙananan bijimai fiye da manya, to babu wata amsa guda ɗaya game da tasirin abinci, amsar ta danganta da girman sa. A R, ka sauya alamar tarawa da alamar tauraro tsakanin nauyin_farko da abinci, shi ke nan ka gwada. Gwajin Box, wanda George Box ya fitar a 1949 don duba ko warwatsuwar ma'aunai iri ɗaya ce a rukunoni, yana cikin ƙunshin heplots. Gwaji ne mai saurin tsorata mutum, shi ya sa masana da yawa ba sa damuwa da shi sai ƙimar p ta yi ƙasa da 0.001. Idan ya nuna matsala, dogara da Pillai, wanda ya fi sauran ukun jure karyewar sharuɗɗa, kuma shi R ke bayarwa idan ba ka nemi wani ba. Matsakaitan da aka daidaita, waɗanda su ne za su shiga teburin kundinka, ƙunshin emmeans na Russell Lenth ke fitar da su.

Wahalar R ta makonnin farko ce, kuma ba zan rage mata nauyi ba. Waƙafi ɗaya da ya ɓace zai iya cinye maka yamma guda. Akwai kuma wata matsala tamu ta masu karatu da Faransanci: Excel ɗinmu yana rubuta 245,5 da waƙafi a maimakon ɗigo, yana kuma raba ginshiƙai da waƙafi mai ɗigo. Idan ka buɗe irin wannan fayil da read.csv, komai zai dunƙule a ginshiƙi ɗaya. Umarnin da ya dace da mu shi ne read.csv2. Ka guji wasula masu alama a sama da kuma tazara a sunayen ginshiƙai. Ƙunshin car kuma yana janyo wasu ƙunsoshi masu yawa, don haka ka sauke shi ranar da ka samu intanet mai ƙarfi, ka adana kwafi a filas don na bayanka.

Ga wanda rubuta umarni ke firgita shi, akwai jamovi. Kyauta ce, a kan R aka gina ta, fuskarta kuma ta yi kama da SPSS har ta fi ta tsabta. MANCOVA tana ƙarƙashin ANOVA, da gwaje-gwajen nan huɗu, da na Box, da na Shapiro-Wilk, kuma sakamako na sauyawa a gabanka yayin da kake jan ma'aunai. Don koyo da koyarwa ban ga kamarta ba. Sai dai tagar a taƙaice take: babu wurin zaɓen nau'in jimlar murabba'ai, babu wurin gwada cuɗanyar ma'aunin rakiya da rukuni, babu matsakaitan da aka daidaita. Waɗannan sai ka koma tagar ANCOVA, mai ɗaukar ma'aunin sakamako ɗaya tak, ka bi kowane ma'auni shi kaɗai. Idan da ita za ka yi aikin kundi, nemi wanda ya iya R ya tabbatar maka da alƙaluman ta hanyar car kafin ka buga.

SAS tana da tsohon tarihi a binciken noma da kiwo, kuma PROC GLM tare da umarnin MANOVA da LSMEANS suna yin aikin ba tare da tangarɗa ba. Akwai sigar kyauta ga ɗalibai, SAS OnDemand for Academics, amma a kan intanet take gudana kacokan. Sigar da ake iya girkawa a kwamfuta kyauta an janye ta tun 2021. Ga mai zaune kusa da ingantacciyar hanyar sadarwa a Njamena ko Garwa tana iya yiwuwa. Ga mai tattara bayanai a gonakin masakwa na karkarar Marwa, manhajar da ke mutuwa duk lokacin da layi ya yanke ba abin dogaro ba ce. Sannan bayananka sai sun hau uwar garken kamfanin a ƙasar waje, abin da mai riƙe da bayanan majinyata ya kamata ya tambayi kwamitin ɗa'a a kai tukuna.

Stata ta fi shiga hannun masu tattalin arziki da lafiyar al'umma, kuma ayyukan ƙungiyoyin agaji da yawa da ita ake yi. Ta kuɗi ce, amma tana da lasisin ɗalibi na wata 6, ba ta da nauyi, ba ta buƙatar intanet. Umarninta gajere ne: manova karin_nauyi kirji = abinci c.nauyin_farko. Kada ka manta da wannan c. ɗin, domin idan babu shi Stata za ta ɗauki kowane nauyi a matsayin rukuni mai zaman kansa. Wanda ke hangen aiki a irin waɗannan ƙungiyoyi bayan kammala karatu, kuɗin da ya kashe a kanta bai faɗi ƙasa banza ba. Python ma tana yi ta ƙunshin statsmodels, amma sai ga wanda dama can ya iya ta. Excel shi kaɗai ba ya yin wannan lissafi ko kaɗan.

Akwai abin da babu manhajar da za ta gyara maka, ko nawa ka biya. Dole ma'aunin rakiya ya zama an auna shi kafin a fara gwaji. Idan ɗalibarmu ta ɗauki nauyin da aka auna bayan bijiman sun yi wata guda suna cin abincin, ta cire wani ɓangare na tasirin da take nema da hannunta. Haka kuma yawan dabbobi a kowane rukuni dole ya zarce yawan ma'aunan sakamako, kuma da rata mai kyau. Sa huɗu a rukuni da ma'aunai shida ba za su ba da amsar da za a tsaya a kanta ba.

Da ƙanena ne ya tambaye ni, ga abin da zan ce masa. Ya fara zuwa wurin malamin da ke duba aikinsa ya ji wace manhaja yake iya karantawa, domin shi zai sa hannu. Idan malam bai ɗaure shi ba, ya girka jamovi yau ya ga yadda teburorin suke, ya girka R da RStudio, manhajar da ke sauƙaƙa rubuta umarnin R, a mako guda ɗin, ya maimaita lissafin har alƙaluman su zama ya san daga inda kowannensu ya fito. Idan malam ya dage sai SPSS kuma sashe ba shi da lasisi, IBM na ba da gwajin kyauta na kwana 30: ya tsaftace bayanansa tsaf tukuna, ya gama gwada komai a R, sannan ya buɗe gwajin ya fitar da teburorin da kwamiti ke son gani.