Hayar keke a Wadebridge da tafiya kan tsohon layin dogon kogin Camel

A watan Agusta na yi hayar keke a wani shago da ke bakin Camel Trail, hanyar masu keke da masu tafiya a ƙafa, a garin Wadebridge, cikin yankin Cornwall na kudu maso yammacin Ingila, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ma'aikacin shagon bai sallame ni ba sai da ya daidaita sirdi da tsawon ƙafata, ya matsa birkin gaba da na baya a gabana, sannan ya haɗa mini da hular kwano da kwaɗon ɗaure keke.

Daɗin hanyar daga tarihinta ya samo asali. A shekarar 1834 aka buɗe layin dogo tsakanin garin Bodmin da Wadebridge da tallafin Sir William Molesworth, wani babban mai filaye a yankin, kuma babban dalilin gina shi shi ne kwaso yashi daga bakin kogin Camel zuwa gonakin cikin ƙasa, inda manoma ke zuba shi a matsayin taki. Layin ya isa garin Padstow da ke bakin teku a 1899, an daina ɗaukar fasinja a watan Janairun 1967, sai dai jiragen kaya sun ci gaba da jigilar farar laka daga Wenford har zuwa 1983. Da yake jirgin ƙasa ba ya son hawan tudu, hanyar da ya bari, mai tsawon kimanin mil 18, a shimfiɗe take, har na ga dattijuwa da jikanta suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba tare da haki ba.

Mil biyar da rabi ne daga Wadebridge zuwa Padstow. Na tsaya a kan tsohuwar gadar ƙarfe ta Little Petherick lokacin da ruwan teku ya janye, tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna kiwo cikin taɓo, amma da na dawo da yamma ruwa ya cika maƙil, babu ko alamar taɓon.

Abu biyu ne suka rage mini armashi. Cunkoson masu hutu a wannan ɓangaren ya yi yawa da tsakar rana, sannan shagon bai gargaɗe ni ba cewa mai son wucewa Bodmin dole ya ratsa tsakiyar Wadebridge tare da motoci, alhali wannan bayani ne da mai tafe da yara yake bukata tun kafin ya hau. Duk da haka, ɓangaren Bodmin na fi so, domin hanyar tana bin kogi cikin inuwar itatuwa, jama'a kaɗan ne, kuma a tashar Boscarne Junction na tarar da jirgi mai aiki da gawayi yana sauke masu yawon buɗe ido, ƙaurin hayaƙinsa ya cika wurin.